Yadda ɗalibi a Birtaniya zai bi idan banki ya ƙi buɗe masa asusu

Saƙon yakan zo gajere: mun duba buƙatarka, ba za mu iya buɗe maka asusu ba a halin yanzu. Shi ke nan, babu ƙarin bayani. Ga kuɗin haya ya ƙarato, ga wurin da ka samu ɗan aiki suna jiran lambar asusu kafin su biya ka albashi. Abin da ɗalibai da yawa suke yi a daren nan shi ne su garzaya shafin wani banki su cika fom, in shi ma ya ƙi su wuce na uku, na huɗu. Ina roƙonka kada ka yi haka. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai dalilin da ya sa aka ƙi ka, kuma galibi dalilin ƙarami ne, mai gyaruwa, matuƙar ba ka ƙara dagula shi da gaggawa ba.

Da farko, ka dakata da cika fom

Bankuna suna leƙa fayil ɗin bashin mutum, wato bayanan da ake tarawa kan yadda yake karɓar bashi da biyansa, ta hanya biyu. Akwai leƙe mara sawu, wanda kai kaɗai kake ganinsa, ba ya taɓa makinka, wato lambar da ake auna amincinka wajen biyan bashi da ita. Akwai kuma bincike mai barin sawu, wanda ake yi idan ka nemi wani abu da ya ƙunshi bashi, kuma duk mai ba da rance da ya duba fayil ɗinka daga baya zai gan shi, na tsawon kimanin shekara guda. Ba a rubuta cewa an ƙi ka. Sawun kawai ake gani. Amma sawu huɗu cikin mako biyu, ba tare da an buɗe asusu ko ɗaya ba, yana nuna wa banki na biyar mutum ne a matse, ko kuma wani ne yake amfani da sunan wani. Ko wanne suka zata, ƙi za su yi.

Ka duba abin da ka nema tukuna

Asusun ɗalibai da ake tallatawa da kyaututtuka a farkon zangon karatu yakan zo da obadiraf, wato damar cire kuɗi fiye da abin da kake da shi a ciki, ba tare da ruwa ba har zuwa wani adadi. A idon banki wannan rance ne. Shi ya sa suke bincike mai barin sawu, shi ya sa kuma suke da sharuɗɗa: ka kai shekara 18 kafin a ba ka bashi, ka nuna shaidar samun gurbin karatu daga UCAS, hukumar da ake neman gurbin jami'a ta hannunta, ko daga jami'arka, kuma bankuna da dama suna so a ce ka yi shekara uku kana zaune a ƙasar. Ɗalibin da ya sauka watan jiya ba zai tsallake wannan sharaɗi na ƙarshe ba ko da tarihinsa fes yake. Na sha ganin wanda ya kwana da damuwar wai an saka shi cikin baƙin littafi, alhali asusun da ya nema tun asali ba irinsa aka yi wa ba. Ka koma ka karanta sharuɗɗan a tsanake. Wani lokaci maganar a nan take ƙarewa.

Sannan ka tambayi bankin, a rubuce

Ka nemi su gaya maka babban dalilin, da sunan kamfanin tara bayanan bashi da suka duba bayananka a wurinsa. Dokar bashi ta 1974 ta ce idan an hana ka rance saboda abin da aka gani a fayil ɗinka, dole a sanar da kai haka, a kuma faɗa maka wane kamfani ne. Ba lallai su warware maka komai ba, musamman idan zargin safarar kuɗin haram ya shigo ciki, domin a nan doka ce ta ɗaure bakinsu. Duk da haka ka tambaya, ka adana amsar. Za ta yi maka amfani a gaba.

Ka karɓo fayil ɗinka daga kamfanoni uku

Manyan kamfanonin da ke tara bayanan bashi a Birtaniya uku ne: Experian, Equifax da TransUnion. Kana da haƙƙin ganin rahotonka a kowannensu kyauta, kuma duba naka da kanka ba ya rage maka komai. Ka karɓi ukun duka, domin ba kowane banki ne yake aika wa dukkansu bayani ba, kuskure yana iya kasancewa a ɗaya kawai.

Game da makin da kowa yake magana a kai, ka rage ba shi muhimmanci. Kowane kamfani da ma'auninsa. Experian ta yi shekaru da dama tana ƙirgawa har 999 kafin ta canza ma'auni a 2025, TransUnion ta yi shekaru tana ƙirgawa har 710, Equifax kuwa ta tashi daga 700 zuwa 1000 a 2021. Maki 600 a wani wuri abin yabo ne, a wani wurin kuma abin damuwa. Bankin da ka nema ma ba wannan lambar yake yanke hukunci da ita ba. Yana ɗaukar bayanan da ke cikin fayil ɗin, ya haɗa da abin da ka rubuta a fom da abin da ya riga ya sani a kanka, ya yi nasa lissafin. Don haka bayanan ne abin karantawa layi bayan layi.

Ka fara da suna. Idan fasfo ya ce Muhammad, takardar jami'a ta ce Mohammed, ko an sa sunan mahaifi a gurbin sunan yanka, kwamfutar banki tana iya kasa gane cewa mutum ɗaya ne. Sai adireshi. Ɗakunan kwanan ɗalibai suna yawan jawo wannan matsala, saboda lambar ɗaki da ta bene da ta gini ana rubuta su ta hanyoyi daban-daban. Ka zaɓi tsari ɗaya, wanda ya dace da yadda gidan waya ya rubuta adireshin, ka riƙa amfani da shi ko'ina. Daga nan ka duba ko akwai bashin da ba ka san da shi ba, ko tsohon kuɗin layin waya da ka manta, ko hukuncin kotu a kan bashi. Irin waɗannan sukan zauna shekara shida a fayil, sai dai hukuncin kotu ana goge shi idan ka biya duka cikin wata ɗaya da yanke shi. Ka kuma duba ko an alaƙanta ka da wani. Zama gida ɗaya da mai tarin bashi ba ya shafarka, amma buɗe asusun haɗin gwiwa da shi don biyan kuɗin wuta yana ɗaure fayil ɗinku tare, har sai ka nemi a raba bayan kun rufe asusun.

Idan ka ga kuskure, ka kai ƙorafi wurin kamfanin. Suna da kwana 28 su ba ka amsa. Idan abin gaskiya ne amma akwai uzuri, kamar rashin lafiya, kana iya saka ɗan bayani da bai wuce kalma 200 ba, wanda duk mai duba fayil ɗin zai karanta.

Mafi yawan ɗalibai dai abin da za su tarar shi ne fayil wayam. Tarihin bashi ba ya tsallaka iyaka da kansa, kuma rancen karatu na gwamnati ba ya fitowa a ciki. Banki bai ga laifinka ba, bai kuma ga abin da zai shaide ka da shi ba.

Cifas: nan ne nake so ka nutsu sosai

Idan fayil ɗinka lafiya lau ne, takardunka daidai, amma kowa yana ƙin ka, ko kuma an taɓa rufe maka asusu ba zato ba tsammani, to ka nemi bayananka a wurin Cifas. Ƙungiya ce da bankuna da sauran kamfanoni suke musayar bayanan zamba ta hannunta. Neman bayanin kyauta ne, kuma doka ta ba su wata ɗaya su amsa. Idan wani banki ya sa maka alama a can, tana iya kaiwa shekara shida, kuma illarta ta wuce asusu: tana iya shafar katin bashi, kwangilar waya, inshora, har da neman aiki a harkar kuɗi.

Ta yaya ɗalibin da bai taɓa satar ko kwabo ba yake samun wannan alama? Ta hanyar ara wa wani asusunsa. Wani zai rubuto maka a Snapchat ko Instagram, ko abokin aboki ya same ka, ya ce za a turo kuɗi asusunka, ka cire ɗan kasonka ka tura sauran gaba. Wani kuma zai ce zai ba ka canji mai sauƙi, ka biya shi da kuɗin gida, wasu mutanensa su zuba maka fam a asusu. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Sau da yawa kuɗin nan na wani bawan Allah ne da aka damfara, kuma idan ya kai ƙara, asusun da kuɗin suka fara sauka ake bi, wato naka. Wanda ya haɗa ka da harkar ya daɗe da goge lambarsa. A dokar 2002 kan dukiyar da aka samu ta hanyar laifi, hukuncin safarar kuɗin haram yana iya kaiwa shekara 14 a gidan yari. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wasu daga cikin yaran da suke faɗawa ciki kunya ce ta kai su, sun kasa cewa a'a ga wanda suke ganin girmansa.

In ka tarar da alamar kuma ka san yaudararka aka yi, kada ka goge komai. Ka tattara saƙonni, hotunan hira, shaidar inda kuɗin suka tafi. Ka kai ƙorafi ga bankin da ya sa alamar, domin shi ne yake da alhakin kare ta da hujja ko cire ta. In ya ƙi, ka nemi Cifas ta sake dubawa. Ka kuma yi hattara da masu cewa ka biya su su goge maka alama, domin duk hanyoyin nan kyauta ne.

Ka nemi asusun da doka ta tanada

Wannan mataki da yawa ba su san da shi ba. Ƙa'idojin asusun biyan kuɗi na 2015 sun wajabta wa manyan bankuna tara, ciki har da Barclays, HSBC, Lloyds, NatWest, Santander, Nationwide da TSB, su samar da asusun besik, wato asusu mai sauƙi na shiga da fitar kuɗi kawai, ga wanda yake zaune a ƙasar bisa doka kuma ba shi da wani asusu, ko bai cancanci sauran asusunsu ba. Ba shi da obadiraf, ba a cajin kuɗin wata, amma za ka samu katin cire kuɗi, albashi zai shiga, za ka biya haya da sauran kuɗaɗe kai tsaye. Tunda babu rance a ciki, raunin tarihin bashi ba hujjar hana ka ba ne. Dole su yanke hukunci cikin ranakun aiki goma bayan ka kammala miƙa takardu, in kuma sun ƙi, su faɗa maka dalili a rubuce, sai dai idan faɗar ta saɓa doka. Ka ambaci sunan asusun da bakinka, domin ba kasafai ake tallata shi ba.

Ka tafi da fasfo, da shaidar izinin zama, da wasiƙar da jami'a take rubuta wa banki mai ɗauke da cikakken sunanka da adireshinka. Ofishin kula da ɗalibai ya saba bayar da ita. Tun da katin izinin zama na roba ya ƙare aiki a ranar 31 ga Disamba 2024, izinin ya koma na intanet, don haka ka ciro lambar da ake ba wa mai son tantancewa, wadda take aiki kwana 90. Bankuna ba sa wasa da wannan, saboda dokar shige da fice ta 2014 ta hana su buɗe asusu ga wanda Ma'aikatar Cikin Gida ta ce ba shi da izinin zama.

Bankunan manhajar waya irin su Monzo da Starling ma hanya ce, kuma sukan fi sauri. Ka dai tabbatar ba ka danna neman obadiraf ba yayin rajista.

In an zalunce ka, ka kai ƙara

Ka rubuta wa bankin ƙorafi a hukumance. Yana da mako takwas ya ba ka amsar ƙarshe. Idan amsar ba ta gamsar da kai ba, ko lokacin ya wuce shiru, ka tafi Financial Ombudsman Service, hukumar da ke sasanta bankuna da abokan hulɗarsu ba tare da ka biya komai ba. Kana da wata shida daga ranar amsar ƙarshe. Kada ka bari ya wuce.

Daga nan sai gina tarihi

Abu mafi sauƙi shi ne rajistar masu zaɓe, domin da ita bankuna suke tabbatar da cewa kana zaune a inda ka ce. 'Yan ƙasashen Kwamanwel masu izinin zama suna da damar yin rajista, a Sukotilan da Wales kuwa an buɗe wa duk baƙon da ke zaune bisa doka rajistar zaɓen yankin. Ɗalibi ɗan ƙasa yana iya yin rajista a gida da kuma makaranta. Yakan ɗauki 'yan makonni kafin ta bayyana a fayil.

Bayan haka ka sa wani ƙaramin abu da sunanka wanda ake biya duk wata, kamar layin waya na kwangila, ka sa banki ya riƙa biya da kansa don kada ka manta. Wanda ba ya son harkar ruwa kwata-kwata zai iya tsayawa a nan, tarihinsa zai ginu, a hankali dai. Wanda ya ɗauki katin bashi kuwa, ya riƙa sayen abin da dama zai saya, kada ya haura kashi ɗaya cikin uku na iyakar da aka ba shi, ya biya duka kafin ranar da aka ɗiba. Idan wata shida suka cika kana a haka, ka sake duba rahotannin uku, ka yi amfani da manhajar gwajin cancanta da ba ta barin sawu, sannan ka nemi bankin da kake ciki ya ɗaga asusunka zuwa na yau da kullum. Shi ne ya ga shige da ficen kuɗinka na waɗannan watanni, don haka da shi za ka fara.