Darasi na Tara: Ƙarancin Mai da Hayaƙin Salansa a Motar Turbo

Injin fetur ba mai kaɗai yake ci ba, har da iska. Kowane giram 1 na fetur yana bukatar iska kimanin giram 14.7 kafin ya ƙone tas. Idan iska ta yi yawa mai ya gaza, cikin silinda sai ya ɗau zafi fiye da kima. A motar turbo abin ya fi muni, domin turbo cusa iska yake yi da ƙarfi. Direba ya taka totur a kan babbar hanya, inji ya soma ƙwanƙwasa, kafin a ankara fistan ya narke. Don haka idan wutar cek injin ta kama, kada a ce ai mota na tafiya.

Karanta lamba tukuna

Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da soket a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar sikanin. Yawancin motocin Beljiyam da ke hannunmu suna da shi. Idan na'ura ta nuna P0171, burenbos, wato kwamfutar mota, yana cewa mai ya yi kaɗan. A inji mai layi biyu na silinda, P0174 maganar ɗaya ce, amma ta ɗaya layin.

Nan ne kuɗin mutane ke tafiya. Da an ga lambar sai ka ji an ce, "Alhaji, sensa ce ta mutu." Sensar salansa, mai auna iskar da ta rage a hayaƙi, 'yar aike ce, abin da ta gani ta faɗa. A canza ta sau goma, wutar za ta dawo in ba a gano inda iskar ke shiga ba.

Nemi layin da aka rubuta LTFT a fuskar na'urar. Shi ke nuna yawan man da burenbos ke ƙarawa don cike giɓi. Daga -10 zuwa +10 ba damuwa. In ka ga +20 ko sama, akwai matsala. Bari inji ya yi zafi, ka rubuta lambar yana silo. Sannan ka riƙe totur a 2,500 a agogon juyin inji, ka duba LTFT tare da STFT da ke kusa da shi, mai nuna gyaran da burenbos ke yi nan take. Idan lambar ta yi sama a silo amma ta sauko da ka ba da wuta, iska ce ke satar hanya: tiyo ya tsage, ko kilif ya saki, ko gasket ɗin manifol ya ci. Idan kuwa a silo lafiya lau, sai an ɗora wa mota nauyi take hawa, to mai ne ba ya isowa. Duba famfon mai, filta, da nozul, musamman in an saba shan man bumburutu. Duba kuma sensar da ke auna iska bayan eya kilina. Ƙurar hunturu kan lulluɓe ta har ta riƙa rage lissafi. Akwai feshi na musamman na wanke ta. Kada ka taɓa siririyar wayarta da hannu.

Turbo yana da nasa hali. Tsaga tsakanin sensar iska da bakin turbo tana jawo iskar da ba a ƙirga ba, mai ya gaza. Tsaga bayan turbo kuwa, a tiyon intakula mai sanyaya iskar turbo, fitar da iska take yi idan an taka wuta, sai mota ta rasa ƙarfi, mai ya yi yawa. Huji a salansa kafin sensar salansa shi ma yakan sa ta kai rahoton ƙarya.

Launin hayaƙi

Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa. Fari siriri da sassafe wanda ke ɓacewa tururi ne kawai. Fari mai kauri da ba ya yankewa, ga ruwan lagireto na raguwa, gasket ɗin kan inji ake zargi. Shuɗi mai ƙauri kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa.

Shuɗin ne ke sa a yanke wa turbo hukunci da gaggawa, alhali turbo ba arha ba. Dakata. Akwai wani ɗan bawul a saman inji mai suna PCV, mai zuƙe tururin baƙin mai daga cikin inji. A injin 2.0 TSI na Volkswagen da Audi, robar cikinsa ta yi suna wajen yagewa. In ta yage, iska ta sami ƙofa, baƙin mai ya bi ta ya shiga silinda. Abu ɗaya ya haifi P0171 da hayaƙi a tare. Gwajinsa ba wuya: inji na silo, kasa kunne ko za ka ji fito siriri, sannan ka gwada ɗaga murfin baƙin mai. In ya manne kamar ana jan sa daga ciki, ka kusa kama ɓarawon.

In bawul ɗin lafiya yake, kashe mota, bari ta huce sosai. Cire tiyon bakin turbo, ka kama tsakiyar farfelar da ke ciki da yatsu biyu. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne. Amma in tana gogar bango, ko tana shiga tana fita, turbo ya gaji. Leƙa tiyon intakula: ɗan maiƙo al'ada ce, mai kwance ba al'ada ba. Duba kuma bututun da ke mayar da baƙin mai daga turbo zuwa ƙasan inji, domin in ya toshe, lafiyayyen turbo ma zai yi hayaƙi. Kada ka bar inji a kunne a rufaffen gareji, kuma kada ka buɗe lagireto da zafi.

Aikin yi

1. Rubuta P0171 a littafinka, ka bayyana ma'anarta da bakinka.
2. Wata mota ta nuna +22 a silo, da +4 a 2,500. Ina za ka fara dubawa?
3. Mota na fito a silo, tana shuɗin hayaƙi. Wane gwaji za ka yi kafin a kwance turbo?