Yadda Ɗan Hindu Ke Zaɓen Abin Bautarsa Da Nauyin Da Ke Biyo Baya

A ɗakin bautar gidan ɗan Hindu ana iya ganin hotuna biyar ko shida jere a kan kanta, amma in aka tambayi mai gidan, ɗaya zai nuna ya ce wannan ne nasa. Shi ake kira ishta devata: wanda mutum ya keɓe wa kansa, yake ambato a kan carbi, yake yi wa azumi, kuma yake fatan ya cika da sunansa a baki. Malamansu da dama na koyar da cewa haƙiƙar ɗaya ce, siffofi ne suka yawaita, saboda haka ɗaukar ɗaya ba ƙaryata sauran ba ne. Amma ba kowa ya yarda da wannan sassauci ba. A makarantar malamai biyu, Ramanuja da Madhva, Vishnu ne a sama, sauran duk ƙarƙashinsa suke. Ƙungiyar Arya Samaj kuwa, wadda Dayananda Saraswati ya kafa a 1875, ba ta bautar gunki kwata-kwata.

Inda sababbin shiga suka fi tuntuɓe shi ne ɗaukar zaɓin kamar zaɓen hoton da ya burge ido. Kowane abin bauta yana tafe da kayansa: abincin da za a bari, lokacin tashi, ranakun azumi, yawan carbin da za a ja. Nauyin nan ake aunawa kafin a yanke shawara.

A fara bincike daga gida

Kafin mutum ya zaɓa wa kansa, akwai waɗanda ya gada. Zuri'a tana da nata, kula devata, ƙauye ma yana da nasa, grama devata. A jihar Maharashtra ta Indiya gidaje da yawa Khandoba na garin Jejuri suke bi, ko Bhavani ta Tuljapur wadda gidan sarki Shivaji ya riƙe. A ƙasar Tamil, Murugan ne ya cika gidaje. A Bengal, Kali da Durga. A Odisha, Jagannath na Puri.

Wanda bai san na gidansu ba, sai ya tambayi tsofaffin dangi abu biyu: ina ake kai yaran gidan askin farko, kuma wane haikali ake fara kai wa katin gayyatar aure? Amsar tana nuna abin bautar zuri'a. 'Yan arewacin Indiya suna da wata hanyar, domin malaman bakin kogi a Haridwar suna ajiye da kundayen nasaba na iyalan da ke ziyartarsu tun kakanni.

Ba dole na gado ya zama na zuciya ba, amma ba a jefar da shi. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a ci gaba da ba na gida haƙƙinsa a bukukuwa da ziyarar shekara, na zuciya kuma ya samu aikin kullum. Mace in ta yi aure, bisa al'ada na gidan miji take bi wajen bukukuwan dangi, nata kuma tana nan da shi. Rikicin da ake ba da labarin ya shiga tsakanin mawaƙiya Mirabai da dangin mijinta a ƙarni na 16 daga nan ya taso, don ita Krishna ta riƙe ta ƙi sunkuya wa ta gidansu.

Hanyoyi huɗu da abin da kowace ke nema

Mabiyan Vishnu, har da masu bin Rama da Krishna, waɗanda ake ɗauka siffofinsa ne, su suka fi tsanani a harkar abinci. Babu nama, babu kifi, babu ƙwai, gidaje da yawa har albasa da tafarnuwa sun bari. Suna azumin Ekadashi, rana ta 11 bayan tsayuwar wata da ta 11 bayan cikarsa, sau biyu ke nan a wata, kuma ranar ba a cin hatsi ko wake. Alamarsu zane ne a tsaye a goshi, carbinsu na itacen tulsi, wani ganye mai ƙamshi dangin ɗaɗɗoya.

Mabiyan Shiva kayansu ba yawa: ruwa, ganyen bilva mai reshe uku, da toka da ake ja layi uku a kwance a goshi. Ranarsu Litinin, carbinsu na ƙwallon rudraksha, babban darensu Maha Shivaratri a Fabrairu ko Maris, wanda ake kwana ba barci.

Masu bautar Uwa, wato Devi, a siffar Durga ko Lakshmi ko Kali ko Saraswati, ranarsu Juma'a, bikinsu Navaratri na dare tara. A nan bambancin cikin gida ya fi faɗi. Bautar Lakshmi a gida fure ce da fitila da kayan zaƙi, alhali a haikalin Kamakhya na Assam da Kalighat na Kolkata har yau ana yanka awaki.

Ta huɗu ita ce ta Smarta, wadda ake dangantawa da Shankara na wajejen ƙarni na 8, kuma ita ta fi dacewa da wanda ya kasa raba gardama a zuciyarsa. Ana jera biyar a kan faranti ɗaya: Vishnu, Shiva, Devi, Ganesha da Surya, wato rana. Wanda mutum ya fi karkata gare shi sai a sa shi tsakiya, huɗun su kewaye shi. A tsohon tsari ba a ma amfani da sassaƙe, duwatsu ne: baƙin dutsen shaligram daga kogin Gandaki na Nepal a madadin Vishnu, dutsen kogin Narmada a madadin Shiva, jan dutse na Ganesha, farin dutse mai sheƙi na rana. In daga baya zuciya ta koma wani, sauya wurin zama kawai ake yi, ba a fitar da kowa.

Ko wace hanya aka bi, galibi da Ganesha ake buɗe bauta, domin shi ake ɗauka mai kawar da cikas.

Wace irin alaƙa ake nema

Tambayar da ta fi taimakawa ita ce: a wane matsayi mutum yake son tsayawa gaban abin bautarsa? Rupa Goswami, malamin mabiyan Krishna a ƙarni na 16, ya tsara matsayi biyar: natsuwa da tunani, bauta irin ta bara ga ubangidansa, abota, tausayin uwa ga ɗanta, da soyayya. Wanda ransa ya fi kwanta wa hidima da biyayya yakan tafi ga Rama, da hadiminsa Hanuman a matsayin abin koyi. Mai son reno yakan ɗauki Krishna jariri, kuma ya sani wannan aiki ne na gaske, don a gidajen mabiya ɗariƙar Pushtimarg ana tashinsa, a yi masa wanka, a sauya masa tufafi gwargwadon sanyi ko zafi, a ciyar da shi, a kwantar da shi, kullum. Mai son shiru da kaɗaici Shiva ya fi masa. Wanda yake jin kansa ɗa a gaban uwa sai Devi, yadda Ramakrishna, wanda ya rasu a 1886, ya riƙi Kali a Dakshineswar.

Ma'aikacin da ke fita da asuba ya dawo da dare, in ya ɗauki renon jariri Krishna, ya ɗaukar wa kansa abin da ba zai iya ba.

Gwajin kwana 40

In an rage zaɓi zuwa biyu ko uku, sai a gwada su ɗaya bayan ɗaya, ba a haɗa su. Wa'adin da aka saba shi ne kwana 40 ko 41, wasu a kudu suna kai shi 48. Masu zuwa ziyarar haikalin Sabarimala a Kerala ma kwana 41 suke kamewa.

Kayan da ake bukata: hoto guda, fitilar tagulla ta aci-balbal da lagwanin auduga, narkakken man shanu ko man riɗi, turaren tsinke, garin sandal, ƙaramin kofin jan ƙarfe da cokali, ƙararrawa, tabarma ko shimfiɗar da ba a zama a kanta don wani abu, da carbi. Wurin da aka fi so shi ne kusurwar arewa maso gabas ta gida, mai bauta ya fuskanci gabas ko arewa, hoton kuma ya kasance a kan kanta daidai ƙirjin wanda ke zaune. Ba a jingina shi da bangon banɗaki.

Lokacin da aka fi yabo yana farawa minti 96 kafin fitowar rana, ya ɗauki minti 48. Wanda ba zai iya ba ya tsayar da wani lokaci ya riƙe shi, don sauya lokaci kullum shi ke fara kashe aikin.

Bayan wanka, ba takalmi, a kwashe furannin jiya, a kunna fitila, a ambaci Ganesha. Sannan a miƙa abubuwa biyar a jere: sandal, fure, turare, fitila, abinci. Ƙararrawa a hannun hagu, fitila a dama ana juya ta ta hannun dama. Furen da aka sansana ba a miƙa shi, abincin da aka ɗanɗana ma haka, saboda haka mai girki ba ya taɓa gishiri a harshe sai an gama. Ayaba ɗaya ko madara a ɗan kofi ta wadatar. Littafinsu mai tsarki Bhagavad Gita, a babi na 9 baiti na 26, ganye da fure da ɗan itace da ruwa kaɗai ta ambata. Akwai doguwar bauta mai matakai 16, amma ba da ita ake farawa ba.

Kowane abin bauta da ganyensa, kuma nan ake yawan ruɗewa. Tulsi na Vishnu ne, ba a sa wa Ganesha. Shi nasa ciyawar durva ce, kiri-kiri ke nan, tsinke 21, da alewar modak. Furen ketaki ba a kai wa Shiva. Kali jan fure take karɓa, dangin furen yakuwa.

Carbin yana da ƙwaya 108 da babba guda a kai. Ana ɗora shi a kan yatsan tsakiya na dama, a riƙa jawo ƙwaya da babban yatsa, manuni ba ya taɓawa. In an iso babbar ƙwayar ba a tsallake ta, juya carbin ake yi a koma baya. Kalmomin da kowa zai iya ja ba tare da izini ba su ne na suna: Om Namah Shivaya, Om Namo Bhagavate Vasudevaya, Om Gam Ganapataye Namah, ko sunan Rama kaɗai. A fara da zagaye ɗaya. Mabiyan ƙungiyar Hare Krishna, wadda aka kafa a New York a 1966, suna ɗaukar alkawarin zagaye 16 kullum, wato 1,728, abin da ke cin kusan awa biyu. Wanda ya fara da wannan adadi a makon farko da wuya ya ga na uku.

Alamar da ake dubawa a ƙarshen wa'adi ba mafarki ba ce, ba kuma hawaye ba. Ana duba ko sunan yana zuwa baki da kansa lokacin tsoro ko tafiya, da ko ranar da aka tsallake ta bar giɓi a rai. Bushewar zuciya a mako na biyu ko na uku abu ne da aka saba gani, ba dalilin sauyawa ba ne.

Masu duban taurari

Iyalai da yawa wajen masanin taurari suke zuwa. Hanyar da ake jingina wa wani malamin da, Jaimini, ita ce a nemo tauraron da ya fi nisa cikin burujinsa lokacin haihuwa, a ga inda ya faɗa a taswirar da ake raba kowane buruji gida tara, sannan a dubi gida na 12 daga nan. Tauraron da aka samu a can shi ke nuna abin bautar: Rana tana nuna Shiva, Wata Gauri (siffar Devi), Mirrihu Skanda (wato Murugan), Zahra Lakshmi, Uɗaridu da Zuhalu Vishnu, sai Rahu da Ketu, mahaɗan hanyar wata da ta rana da suke lissafawa cikin taurari, Rahu Durga, Ketu Ganesha.

Sai dai masana biyu suna iya ba mutum ɗaya amsa biyu, kuma dalilan a fili suke. Wasu taurari bakwai suke lissafawa, wasu takwas da Rahu. Ma'aunai biyu da ake lissafin burujai da su, na Lahiri da na Raman, sun saɓa da kusan digiri ɗaya da rabi, alhali kowane yanki digiri 3 da minti 20 ne kacal, saboda haka tauraron da ke bakin iyaka yana iya ƙetarawa. Shi kuma wata cikin kamar awa shida yake sauya yanki, wanda bai san lokacin haihuwarsa daidai ba ya shiga ruɗu. Ga wani jerin daban da ke ba Rana Rama, Wata Krishna, Mirrihu Narasimha. Amfanin duban bai wuce ya ba da sunan da za a saka cikin gwaji ba.

Izinin malami

Kamar yadda ba a ɗaukar wuridin ɗariƙa sai da izini, haka kalmomin sirri a wajensu sai guru, wato malami, ya raɗa wa almajiri a kunne. Sau da yawa malamin ne ma ke tabbatar da zaɓin ko ya gyara shi. Wannan mataki ba a komawa baya cikinsa da sauƙi. A gidan Ramanuja ana ɗora wa almajiri tambarin ƙarfe mai zafi a kafaɗu biyu, a ba shi sabon suna. Lingayat na Karnataka, masu bin koyarwar Basava na ƙarni na 12, suna rataya ƙaramin linga, wato dutsen da ke wakiltar Shiva, a wuya har mutuwa, kullum su ɗora shi a tafin hagu su bauta masa. A zauna da malami a ga halinsa da na almajiransa tukuna, a kuma tambayi silsilarsa. Mai sa wa izini farashi, a yi nesa da shi.

Siffofi masu zafi, irin su Bhairava, Chhinnamasta da Bagalamukhi, da bautar Sri Vidya, malamansu sun yi ittifaƙi ba a shigarsu daga karatun littafi ko bidiyon intanet. Haka babban alkawarin purashcharana, inda ake ja 100,000 ga kowace gaɓar kalma. Na Shiva, Namah Shivaya, mai gaɓa biyar 500,000 ke nan, wanda a zagaye goma kullum zai ci kwana 463.

Gunki: kada a yi gaggawa

Hoto ba ya ɗora wa mutum wajibi mai nauyi. Amma gunkin da malami ya yi wa bikin sanya rai, prana pratishtha, a wajensu ya zama baƙo mazaunin gida, dole a yi masa wanka da abinci kowace rana, ko mai gida ya yi tafiya. Dutsen shaligram ma haka yake ko ba a yi masa biki ba. Shi ya sa ake son na gida ya zama ƙarami, linga kada ya wuce tsawon babban yatsa, kuma kafin a kawo shi a san wanda zai riƙe bautar in mai shi ba ya nan.

Gunkin da ya tsage ko ya guntule ba a ci gaba da bauta masa, ba a kuma jefa shi a shara. Ana sakin sa a kogi ko a ajiye shi a gindin bishiyar pipal. Na roba ko mai fenti an fi so a kai haikali, saboda gurɓata ruwa. Wanda kuma ya ga ba zai iya ci gaba da hidimar lafiyayyen gunki ko shaligram ba, sai ya miƙa shi ga haikali ko ga gidan da za su riƙe shi, shi ya koma kan hoto da carbi.