Yadda na gyara da'irar rage wuta daga ±5V zuwa 3.3V

Alhamdulillahi, matsalar ta wuce. A wani shagon sola nan Sakkwato, na'urar auna wutar batir tana ba da -5V zuwa +5V, shi kuwa ESP32, ƙaramar kwamfutar da ke karanta siginar, daga 0 zuwa 3.3V kawai yake ɗauka, don haka akwai da'irar rage wuta a tsakaninsu. Karatun sai ya maƙale kusa da 2V, in siginar ta yi ƙasa sosai kuma ya kwanta a sifili.

Na zargi zafin garinmu, na duba manhaja, na canza na'urar aunawar. Duk lafiya lau suke.

Ashe laifi biyu ne. Razista biyu masu 10k (ohm dubu goma) da ke haɗa siginar da 3.3V raba jimillarsu gida biyu kawai suke yi, wato daga -0.85V zuwa 4.15V. Sannan amfilifaya LM358 ba ya kai fitarwarsa saman wutar da ake ba shi, yana rage kusan 1.5V, shi ya sa karatun ke maƙalewa kusa da 2V.

Ga gyaran. A ƙafar + ta amfilifayar na haɗa razista uku: 33k daga siginar, 20k daga 3.3V, 56k zuwa ƙasa (0V). Lissafin ya zama 0.309 sau siginar, a ƙara 1.68V, wato 0.14V zuwa 3.22V. Da gangan na bar wannan ɗan sararin, don ESP32 ba ya karanta gefe-gefe daidai. Na sayi masu kuskuren 1%, masu 5% ɓata lokaci ne a nan. Na cire LM358 na sa MCP6002, amfilifayar da fitarwarsa ke kai kusan saman wutar, ƙafafunsu iri ɗaya ne, na haɗa fitarwarsa da ƙafar -. Da siginar tana sifili, mita ta nuna 1.68V.

Godiya ga maigidana da ya ara mini mitarsa.