Darasi na 7: Shirin Kwana a Bakin Ruwa Don Kamun Kifi

Mu mutanen Jos mun saba da dutse fiye da ruwa. Ruwan da muke gani kusa da gari galibi kududdufai ne da haƙar kuza ta bari, irin na wajen Bukuru da Rayfield. Suna da zurfi, gaɓarsu a tsaye take, kuma sun ci rayuka. Kada ka koyi tuƙin kwale-kwale a cikinsu.

Mai son kamun kifi na gaske sai ya gangara kudu. Akwai tafkin Pandam a ƙaramar hukumar Qua'an Pan. Gandun namun daji ne, don haka ba a kafa tanti ko jefa ƙugiya sai da izinin jami'ai. Akwai kuma kogin Binuwai a Ibi, jihar Taraba, ana bi ta Shendam.

Lokacin tafiya shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Daga Agusta zuwa Oktoba Binuwai cike yake, ga ƙarfi. Ambaliyar 2012 da ta 2022 duk a wannan tsakanin suka yi ɓarna.

Abu mafi girma a darasin nan shi ne: baƙo ba ya shiga ruwa da kansa. In kun isa, ku fara gaida mai gari, sannan a kai ku wurin Sarkin Ruwa. Babbanku ya yi magana:

"Ranka ya daɗe, mu baƙi ne daga Jos. Muna son kwana biyu a bakin ruwa. A taimaka mana da matuƙi."

Matuƙin shi ya san inda dorina take kiwo, da inda kada ke shan hantsi, da inda kututture ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa. Taswirar waya ba ta san waɗannan ba. Ku biya matuƙin haƙƙinsa da daɗin rai, domin rayukanku na hannunsa. In ya ce yau ba a shiga, to ba a shiga.

Kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa, har wanda ya iya iyo. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta wajabta ta, ta kuma hana tafiyar dare. Kaya masu nauyi a tsakiya ake sa su, a ƙasa. Ba a miƙewa tsaye cikin jirgi. A tafi da filafili na biyu da ƙwaryar kwashe ruwa. Ashana da waya da tocila a ƙulle su cikin leda.

Guzuri ba ya son yawa: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, gishiri, barkono, ɗan mai. Amma kada a manta gidan sauro. Sauron can ƙasa ya fi na Jos yawa nesa ba kusa ba. Ruwan kogi a tafasa shi kafin a sha, kuma a guji wanka a ruwa mai kwanciya saboda tsargiya, ciwon da ke sa fitsarin jini.

Masauki a kan tudu ake yinsa, nesa da hanyar da dorina ke bi, domin da dare take fitowa cin ciyawa.

Ga sabon shiga, fatsa ta isa. Tana ita ce abincin ƙugiya, tarwaɗa da karfasa duk suna cinta, musamman da asuba da yamma. Ƙananan kifi a mayar da su ruwa. Zuba guba kuwa zalunci ne ga masunta da masu shan ruwan a gaba. Abin da ya rage bayan an ci, a yi bandarsa.

Aikin yi: Rubuta wa iyalinka takarda kafin tafiya. Sa sunan garin da za ka, da sunayen abokan tafiya, da lambar matuƙi, da ranar dawowa. Karanta wa na kusa da kai, ya gyara maka.