Yadda za ka bambanta tafasa da rai ɗore da biya rana

Da ruwa ya zauna a watan Yuli, duk wani fili da ba a gina ba a Kano sai ya cika da tsirrai masu fure ruwan ɗorawa, daga gindin badala har gefen layin dogo. Ni malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata, kuma abin da nake fara gaya wa ɗalibaina shi ne su manta da launin fure. Tafasa da rai ɗore da biya rana duk dangin wake ne, furensu kala ɗaya, amma ɗaya kaɗai ake yin kwaɗo da shi hankali kwance.

Fara da ganye. Tafasa, wadda masana ke kira Senna obtusifolia, ƙananan ganye shida take jerawa a kowace sandar ganye, uku dama uku hagu, kuma bakinsu a zagaye yake, ya fi gindin faɗi. Da yamma sai su rufe. Rai ɗore, wato Senna occidentalis, wasu su ce majamfari, yakan jera takwas ko goma, kowanne da tsini. Wannan tsinin shi ne alamar da na fi dogara da ita, domin ko tsiron bai kai taƙi ɗaya ba ana ganinsa. In har yanzu kana shakka, murza ganyen ka sansana. Na rai ɗore wari gare shi mai hawa kai, karansa kuma yakan yi ja-ja.

Akwai wata alama da nake son nuna wa yara, don suna murna in sun gano ta da kansu. Wani ɗan ƙululu ne ƙarami. A tafasa yana tsakanin ganye biyun farko na ƙasa. A rai ɗore kuwa yana can gindin sandar ganyen, dab da inda ta haɗu da kara, baƙi-baƙi.

In damina ta ja baya, kwanso ne zai raba gardama. Na tafasa siriri ne dogo, a lanƙwashe kamar lauje, yakan kai santimita 15 ko fiye. Na rai ɗore shafaffe ne, ya fi gajarta, gefensa biyu sun fi tsakiyarsa haske. Nan ne nake roƙon iyaye su sa ido: ƙwayar rai ɗore ɗanya guba ce ga awaki da kaji, kuma a jihar Uttar Pradesh ta Indiya likitoci sun danganta mutuwar yara da cin ta, saboda tana lalata hanta da ƙwaƙwalwa. Ga shi kuwa tsiro ne mai son juji da kango da bayan gida, inda yara ke wasa.

Biya rana ba ta da wuyar ganewa. Dangin Crotalaria ce, furenta irin na wake sak, jere a saman kara, ba buɗaɗɗe irin na waɗancan biyun ba. Kwansonta a kumbure yake, in ya bushe ka girgiza za ka ji kacau-kacau. Ta fi son ƙasa mai yashi. Wata ganye ɗai-ɗai gare ta, wata uku-uku, amma kada a yanko ta cikin ciyawar tumaki, ita ma hanta take ci sannu a hankali.

In kwaɗo za ki yi, 'yar'uwa, tsinki tohon sama na tafasa tun kafin ta yi fure, lokacin bai yi tauri ba. Kada ki tsinka a bakin lambatu ko inda ruwan masana'antun fata ke bi ta wajen Sharaɗa da Challawa. In kuma yaro kika aika, zazzage ganyen a faifai ki duba bakinsa ɗaya bayan ɗaya kafin ki zuba a tukunya.