Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Karanta Tarihin Sarauniya Jane Grey

Wanda ya fara neman labarin Jane Grey, yarinyar da aka ɗora a gadon sarautar Ingila a watan Yulin 1553 aka kuma sauke ta bayan 'yan kwanaki, zai tarar da littattafai da shirye-shiryen talabijin masu yawa, kuma galibin kurakuran da masu karatu ke yi suna fitowa ne daga rashin tambayar wane ne ya rubuta labarin da kuma lokacin da ya rubuta shi.

Ƙaramin cikinsu shi ne rikita ta da Jane Seymour, matar Sarki Henry na Takwas ta uku, wadda ta rasu a 1537. Jane Grey jikar Mary ce, ƙanwar Henry, kuma ta wannan jinin aka kafa hujjar sarautarta. Laƙabin "sarauniyar kwana tara" ma yana buƙatar bayani, domin ana ƙirga shi ne daga 10 ga Yuli, ranar da aka shelanta sarautarta, zuwa 19 ga wata. Wanda ya fara ƙirga daga rasuwar Sarki Edward na Shida, ɗan Henry da Jane ta gada, a ranar 6 zai sami kwana goma sha uku. Ba a taɓa yi mata bikin naɗi ba.

Babbar matsala tana wajen hotuna. Zanen da ya fi yawo a bangon littattafai shi ne na Paul Delaroche, wanda ke nuna ta cikin fararen kaya, an ɗaure mata idanu, tana laluben kututturen da za a sare ta a kai cikin wani ɗaki mai duhu. Bafaranshe ne ya zana shi a 1833, kusan shekara 280 bayan mutuwarta, alhali a fili aka kashe ta, a harabar Hasumiyar Landan, ranar 12 ga Fabrairun 1554. Laluben kututturen yana da tushe a rubutun zamaninta, amma ɗakin da fararen kayan ƙirƙirar mai zane ce. Akwai kuma wani hoto da aka daɗe ana cewa nata ne, har sai da bincike ya nuna a 1996 cewa na Catherine Parr ne. Gyaran shi ne a duba shekarar kowane zane, a kuma sani babu hoton da aka tabbatar an yi shi tana raye.

Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne bayanin siffarta da marubuta suka yi ta kwafa wa juna, cewa gajera ce siririya mai jan gashi, wai daga wasiƙar wani ɗan kasuwa na Genoa mai suna Spinola. Leanda de Lisle, marubuciyar The Sisters Who Would Be Queen, ta bi diddigin wasiƙar ta gano cewa ba ta wuce littafin Richard Davey na 1909 ba, kuma alamu sun nuna shi ya ƙirƙire ta. Duk littafin da ya kawo wannan siffar ba tare da gargaɗi ba, ya kamata a yi taka-tsantsan da sauran maganganunsa.

Haka zancen muguntar mahaifiyarta, Frances Brandon. Tushensa kusan guda ne, wato abin da malamin nan Roger Ascham ya ruwaito cewa Jane ta yi masa kukan tsananin iyayenta lokacin da ya same ta a Bradgate, gidan iyayenta, tana karanta Plato da harshen Girka. An buga wannan a 1570, a littafin da manufarsa ita ce jan hankalin malamai su riƙa koyarwa da sauƙi, don haka ba a kore shi, amma bai isa a gina hukunci a kansa shi kaɗai ba.

Fim ɗin Lady Jane na 1986 ya bar mutane da yawa da tunanin soyayya mai zafi tsakaninta da mijinta Guildford Dudley. Auren haɗi ne na siyasa da aka ɗaura a watan Mayun 1553, kuma ta ƙi yarda a naɗa shi sarki. A ganina kuskuren da ya fi cutar da fahimta shi ne ɗaukarta a matsayin marar bakin magana da Duke na Northumberland, mahaifin mijinta, ya juya yadda ya so. Edward da kansa ya rubuta takardar da ta tsallake 'yan'uwansa Mary da Elizabeth, 'ya'yan Henry, a gadon sarauta, ita kuma Jane ta sa hannu a takardun mulki a matsayin sarauniya, ta yi musayar wasiƙu da malamin Furotesta Heinrich Bullinger na Zurich, ta kuma yi muhawara da limamin Katolika John Feckenham kwanaki kaɗan kafin a kashe ta. Mary 'yar Henry, wadda ta hau gadon sarauta bayan an sauke Jane, ba ta yi gaggawar zartar da hukuncin kisan da aka yanke wa Jane a Nuwamban 1553 ba, sai da mahaifin Jane ya shiga tawayen da Thomas Wyatt ya jagoranta a kan Mary a farkon 1554.

Mai son farawa da ƙafar dama ya karanta littafin Eric Ives na 2009 tare da na de Lisle, sannan ya kalli shirin Helen Castor mai kashi uku da BBC ta nuna a 2018.