Waken suya na ƙonewa kuma ƙasa a jiƙe? Duba gishiri

Wannan abu yana ruɗa mutane sosai, musamman masu saka waken suya a filin da aka daɗe ana noman rani. Ƙasa a jiƙe take amma da rana ganye ya yi laushi kamar ya kwana uku bai ga ruwa ba, gefen tsofaffin ganye ya ƙone, tsiro kuma ya fito gurbi-gurbi. Sai mutum ya ruga ya sayo kamfa ya ƙara antayawa, toh nan ne yake ƙarasa gonar, don shi kansa takin zamani gishiri ne.

Kafin ka kashe ko sisi, bari ƙasa ta ɗan sha iska ka je ka duba saman kunya, in ka ga fari-fari kamar an barbaɗa kanwa to gishiri ne. Sannan ka tuge shuka ɗaya a hankali ka duba ƙulle-ƙullen nan na jikin saiwa, ka fasa ɗaya da farce. Mai lafiya cikinsa ja-ja yake, shi ke jawo wa waken naitirojin daga iska, amma in gishiri ya kama za ka ga 'yan kaɗan ne kuma ƙanana, shi ya sa ganye ke yin ɗorawa. Gishirin yana riƙe ruwa saiwa ta kasa zuƙa, sinadarin sodiyam ɗin cikinsa ya tare wa abincin shuka irin su fotashiyam da kalsiyam hanya, sinadarin kulorayid ɗin cikinsa kuma ya taru a ganye ya ƙone shi. In ka samu an gwada ma ƙasar, waken suya na jurewa har wajen 5 a ma'aunin gishirin ƙasa da ake kira dS/m, daga nan duk ɗaya da ya ƙaru kusan kashi 20 cikin 100 na amfanin ke tafiya.

Maganin dai ruwa ne mai kyau da hanyar fita. Ka fara gyara magudana tukuna, in ba haka ba ka cika fili da ruwa rana ta busar da shi gishirin ya dawo sama, an yi ba a yi ba kenan. In da damina ne kada ka yi gaggawar shuka, bari a yi ruwa mai ƙarfi biyu ko uku ya wanke ƙasar, don lokacin tsiro ne waken ya fi rauni.

Kada ka shuka a tsakiyar kan kunya, can gishiri ke taruwa, sauko gefenta. Zuba takin gida ruɓaɓɓe ka rufe ƙasa da ciyawa. Wajen takin zamani ni sufa na fi so, yana da jifsam a ciki wanda ke taimaka wa ƙasa mai kanwa, kuma kada ya taɓa iri. Ruwan rijiyarka ko bohol ma ka kai a gwada, wani lokacin daga nan gishirin ke shigowa.